Speedster ɗin kwaikwayo: wuta na wasa, baƙin mai na ɗiga, a ba ni shawara

Mai Speedster (Litinin da dare)

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango. Ina zaune a Ingila, kuma wata takwas ke nan da na sayi motar da na daɗe ina buri, kwaikwayon Porsche 356 Speedster. Ta asalin ta fito a 1954, bayan dillalin kamfanin a Amurka, Max Hoffman, ya matsa a yi mota marar rufi mai sauƙin kuɗi, aka sayar da ita ƙasa da dala 3,000. Yau kuɗinta ya fi ƙarfin irinmu. Tawa bodin faiba ne aka ɗora a kan shasin Volkswagen Bitil na 1972 da aka yanke aka rage masa tsawo, don tsakanin tayar gaba da ta baya a Bitil milimita 2,400 ne, a 356 kuwa 2,100. Injin ma na Bitil ne, 1600, mai sanyaya kansa da iska.

Ga abin da ke damuna. In na taka birki alhali sigina na kunne, duk fitilun baya sai su riƙa ƙyaftawa tare, dishi-dishi. In injin ya yi zafi na kashe, in na murɗa makulli sai in ji ƙas kawai, sai ta huce take tashi. Batir sabo ne amma sau biyu yana mutuwa. Ga kuma baƙin mai: duk inda ta kwana sai na tarar da tabo biyu, ɗaya daidai mahaɗar inji da giyabos, ɗaya ta gefen hagu, ga warin mai yana ƙonewa a kan salansa. Wani gareji a nan sun ce a sauke inji a canza sil ɗin filawil, wato robar da ke hana mai fita ta mahaɗar inji da giyabos, a kuma zare wayoyin motar gaba ɗaya a sa sababbi. Kuɗin da suka faɗa ya sa na kasa barci. Na tuna a gida akwai waɗanda suka tsufa a ƙarƙashin Bitil, shi ya sa na zo.

Baban Gareji

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari a sauke injin nan tukuna. Na fara koyon aiki ne lokacin da kamfanin Volkswagen na Ojo a Legas yake haɗa Bitil, daga 1975, kuma na ga an sauke inji fiye da a ƙirga saboda sil ɗin filawil, a mayar, washegari mai na nan yana ɗiga. Mai daga sama yake gangarowa, iskar fanka kuma tana watsa shi. Inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne ƙofar ba.

Abu na farko, dangwali tabon na tsakiya da yatsa ka shinshina. Man giya yana da wari mai hawa kai, kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ga kauri. In shi ne, sil ɗin giyabos ne, injinka ba ruwansa. In baƙin mai ne na inji, to ka wanke injin tas, sama da ƙasa, ka bari ya bushe, ka barbaɗa hodar jarirai a duk mahaɗa. Tayar da shi ya yi minti goma a tsaye, ka kashe, ka shiga da tocila. Mai zai zana maka layi a cikin hodar, ka bi layin zuwa sama har inda ya faro.

Rewaya

Yallaɓai, ni ɓangaren wuta zan taɓa. Duka abubuwa ukun da ka lissafa, biyu daga ciki uwarsu ɗaya, ina kyautata zato. A motar ƙarfe, waya ɗaya ke kai wa fitila wuta, wutar ta koma batir ta jikin bodi. Shi ne muke kira at. Faiba kuwa ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan. Saboda haka kowace fitila, kowane ham, kowace mita ta dashbod, sai an ja mata wayar at tata har zuwa ƙarfen shasi. In at ɗin fitilar baya ya yi tsatsa ko ya saki, wutar birki ba ta da hanyar komawa, sai ta bi ta cikin ƙwan sigina ta nemi mafita. Ƙyaftawar da kake gani ke nan.

Tambaya biyu. Ina batir yake, gaba ko baya? Sannan ka taɓa lura wayar kuloci ko ta totur ta yi zafi, ko ta yi tauri ba dalili?

Mai Speedster

Baba, Allah ya ƙara girma, na shinshina, baƙin mai ne, ba wancan warin. Gobe zan wanke in sha Allah. Malam Rewaya, batir yana can gaba a hancin motar. Kuma wallahi ka taɓo wani abu: wata biyu da suka wuce aka canza min wayar totur don ta riƙa maƙalewa, da aka zaro tsohuwar wani wuri ya yi shuɗi-shuɗi kamar an gasa ta. Ban kawo komai a raina ba.

Rewaya

To ai ga shi nan. Inji da giyabos a kan roba suke zaune, roba kuma ba ta ba wuta hanya. Shi ya sa Volkswagen suka sa wata faffaɗar waya saƙaƙƙiya daga hancin giyabos zuwa shasi. Kik yana jan wuta mai yawa ƙwarai, in wannan wayar ta tsinke ko ba ta kama ƙarfe sosai, wutar sai ta bi ta siririyar wayar totur ko ta kuloci, ta gasa su. Leƙa ƙarƙashi wajen hancin giyabos ka gani ko tana nan.

In kana da mita, kada ka tsaya duban ido. Sa ta a ma'aunin bolt, tsinke ɗaya a kan negatif na batir, ɗaya a jikin inji, ka ƙara waya don ta kai. Wani ya murɗa kik kai kana kallo. In ta nuna sama da bolt 0.2 zuwa 0.3, hanyar komawar ba ta da lafiya. Ka yi haka a ɓangaren fosatif ma, daga batir zuwa babban notin kik, tunda a Bitil batir ƙarƙashin kujerar baya yake, kusa da kik, naka kuwa an kai shi gaba, tafiyar ta yi nisa. In wayar da aka ja siririya ce, wuta na zubewa a hanya.

Injiniya

Sannunku da ƙoƙari. Ban ƙi abin da Malam Rewaya ya faɗa ba, amma ni ina ganin garejin ba su yi kuskure a kan wayoyin ba. Irin waɗannan motoci kowace da hannun da ya haɗa ta, ba taswira ɗaya. Sau da yawa tsohuwar wayar Bitil mai shekara hamsin ce aka yanke aka yi mata ƙari da salatif. Robarta ta bushe, tana farfashewa. Ga fis irin na da, na tangaran mai tsini biyu, fari na amfiya 8, ja na 16, da ke yin tsatsa a baki, balle a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wayar lamba 15 da ke tafiya daga makulli zuwa kwayil, ta wuce ta ba cok da bawul ɗin sulo na kafireta wuta. A tsarin Bitil ba fis a kanta. In ta goge ta taɓa ƙarfe a ɗakin inji, kusa da tiyon fetur, a cikin bodin faiba, Allah ya kiyaye. Gara a yi aikin sau ɗaya a huta.

Rewaya

Hajiya, maganarki a kan lamba 15 gaskiya ce, ni ma ina sa mata fis a duk Bitil da ta shigo hannuna. Inda muka rabu shi ne, in aka zare wayoyi duka aka sa sababbi amma aka ɗaura at a kan fenti kamar yadda na farko ya yi, cutar na nan, kuɗi sun tafi. Na sha karɓar mota da sabuwar waya fil tana wannan ƙyaftawar. A fara aunawa. In an buɗe an ga roba na marmashewa a hannu, ni da kaina zan ce a canza.

Injiniya

Na yarda a fara aunawa. Amma Alhaji, kafin ka taɓa komai cire kan negatif na batir, kuma ka ajiye tukunyar kashe gobara a motar, ba a gida ba. Ka duba ma ko an rataye filtar fetur ta roba a saman distiributa, mutane na yawan yin haka, nauyinta na iya zare bututun tagullan da ke shiga kafireta.

Ɗan Kombi

Ni fa a ganina ana wahalar da bawan Allah ne a kan mai. Bitil da Kombi ai ba sa rasa ɗiga, haka Allah ya yi su. Na yi shekara tara ina jan Kombi tsakanin Zariya da Funtuwa, abin da muke yi shi ne mu zuba mai mai kauri, mu shafe mahaɗa da gam, mu riƙa duba dipstik kowace safiya. Ba ta taɓa ajiye ni a hanya saboda haka ba. Oga ka zuba mai kauri, ɗigon zai ragu.

Baban Gareji

Ƙanena, na san haka ake yi, ni ma na yi a da, amma ba zan ba shi wannan shawarar ba. Kai a zafin Funtuwa kake, shi yana inda ruwa ke daskarewa. A cikin injin nan akwai wani ɗan fistin mai sifirin da ke kallon ƙarfin bugun mai. In bugun ya yi yawa, sai ya ɗauka mai bai yi zafi ba, ya karkatar da shi kada ya bi ta oyil kula, wato abin da ke sanyaya mai. Mai mai kauri fiye da kima yana sa bugun ya zauna a sama, sai injin ya yi ta zafi alhali man bai bi ta inda zai huce ba. Sannan da asuba cikin sanyi, wannan kaurin shi ke tura ƙananan sil biyu na ƙarƙashin kula har su buɗe.

Gam kuwa, wanda ya matso ta waje ka gani, irinsa ya matso ta ciki. Injin Bitil na asali ba shi da filtar mai, rariya ce kawai a ƙasa, shi ya sa ake juye mai duk kilomita 5,000. Gutsuren gam in ya shiga hanyar mai ya toshe, sai dai ka ji metal ya buga. Kuma man duka lita biyu da rabi ne. Injin da ke riƙe da wannan ɗan kaɗan, kuma da shi yake rage zafi, ba a ce masa bar shi ya ɗiga.

Ɗan Kombi

Baba na ji batun sanyi, wannan ban yi tunaninsa ba. Amma har yanzu ban taɓa ganin Bitil da ƙasanta ya bushe ƙayau ba.

Baban Gareji

Naso daban, ɗiga daban. Naso na yarda da kai. Tabo biyu a dare ɗaya ba naso ba ne.

Mai Speedster (Asabar)

Jama'a ga rahoto. Na ɗaga motar na shiga. Saƙaƙƙiyar wayar tana nan, amma an fente shasin da baƙin fenti mai kauri, a kan fentin aka ɗaure ta, notin ma da yatsa na juya shi. Kafin in taɓa, mita ta nuna bolt 1.1 lokacin kik. Na kankare fentin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na sa washa mai haƙora, na ɗaure, na shafa giris a kai. Yanzu 0.2. Fitilun baya kuwa, at ɗinsu duka biyu an haɗa su a wani sukuru da aka ɗaura a cikin faiba, wata siririyar waya ce ta tafi shasi, ta yi kore shar da tsatsa. Na ja sababbi. Ƙyaftawa ta tafi. Na sa wa lamba 15 fis kamar yadda Hajiya ta ce, filtar fetur ma a saman distiributa na same ta, na mayar da ita ƙasa kusa da giyabos.

Saura biyu. Kik ya fi ƙarfi sosai, amma jiya da ta yi zafi ya sake yin ƙas sau ɗaya. Caji kuma, inji na sulo mita na nuna bolt 12.3 a batir, sai na taka totur sosai take tsalle zuwa 14.

Hoda ta nuna layi uku: oyil suwic (mai kunna fitilar mai a dashbod) da ke ƙasan distiributa, murfin bawul na hagu, da farantin ƙasa mai noti shida. Akwai kuma feshin mai a bayan fule, wanda ke jan fambel.

Rewaya

Madalla. In ka murɗa makulli kafin ka tayar, jar fitilar caji tana kamawa?

Mai Speedster

Tana kamawa, da haske sosai ma. Wanda ya sayar min ya ce ya canza duk ƙwayayen dashbod zuwa LED.

Rewaya

Nan gizo ke saƙar. Wannan ƙwan ba ado ba ne, ta cikinsa ɗan abin wutar da ke tayar da altaneta yake bi ya isa ƙafar D+. LED ba ya barin wuta isasshiya ta wuce, sai altaneta ta zauna ba ta caji har sai inji ya yi gudu sosai ta tayar da kanta. Kai kuma yawonka na cikin gari ne da fitila a kunne, dole batir ya mutu. Mayar da ƙaramin ƙwai irin na asali mai zare a ciki. Ana iya barin LED a haɗa masa rizista a gefe, amma ni na fi son na asalin, aiki ɗaya ne. Bayan haka ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in inji na kashe kuma batir lafiyayye 12.6.

Ƙas ɗin kuwa tsohuwar cutar Bitil ce. Wutar da ke jan solonayid, wato abin da ke saman kik yana ba shi wuta, tana zuwa makulli a gaba, ta dawo baya ta wayar lamba 50. Tafiya mai nisa, makulli ya tsufa, solonayid ya yi zafi yana neman ƙarin ƙarfi. Sa rile, wato ƙaramin makunnin wuta mai ƙafa huɗu, kusa da kik, kowace ƙafa da lambarta: 30 daga babban notin kik ta cikin fis, 87 zuwa solonayid, 86 tsohuwar wayar makulli, 85 zuwa at mai kyau a ƙarfe. Makulli zai zama ɗan aike kawai.

Baban Gareji

Bari in ƙara a kan jar fitilar nan, ɗana, don ta fi caji muhimmanci. Fankar da ke sanyaya injinka a bayan altaneta take, sanda ɗaya suke. In fambel ya tsinke, caji ya tsaya, fanka ma ta tsaya, wannan fitilar ce kaɗai za ta gaya maka. In ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take, ba sai ka kai gida ba. Mintuna kaɗan sun isa su ƙona kan silinda. Ka ajiye fambel na ajiya a mota.

Yanzu mai. Oyil suwic ka sa sabo, amma a hankali, jikin injin nan gaurayen magniziyam ne, mai taushi, in ka matsa za ka tsaga shi. Farantin ƙasa gasket biyu ne na takarda, ɗaya sama da rariya ɗaya ƙasa, da washar tagulla sababbi shida. Ɗaurinsu kaɗan ne, 7 Nm a ma'aunin ɗauri, abin da yatsu biyu za su ja da ƙaramin sifana. Masu ɗaurewa da ƙarfi su ke lanƙwasa farantin, su zaro zaren. Ɗora shi a kan gilashi ka gani ko ya miƙe. Murfin bawul, in irin mai ƙyalli ne na kasuwa, nemi baƙin na asali, shi ya fi kamawa. Gasket ɗin kwalaba ka liƙa shi a jikin murfin kawai, ba a jikin inji ba, wayar da ke danne shi kuma sai ta shiga da ƙyar, in ta shiga salin-alin ta saki. Tunda ka buɗe, auna tafet, wato tazarar bawul, inji na sanyi, milimita 0.15. Ka leƙa bututu takwas na ƙarƙashin silinda ma, kowane da sil biyu, ko hoda ta jiƙe a bakinsu.

Feshin bayan fule shi na fi so mu tsaya a kai. Wurin nan ba sil ko ɗaya, haka aka ƙera shi. Zare ne a wuyan fule da ke murɗa mai ya mayar ciki. In ka ga yana fesowa, ko dai fulen na kasuwa ne zarensa bai yi daidai ba, ko iska ta taru a cikin inji ta rasa mafita. Duba bututun numfashi da ke fita daga wuyan zuba mai. Sannan kama fule da hannu biyu ka tura ka jawo, ka gaya min abin da ka ji.

Injiniya

Gyara ɗaya a kan tafet, Baba, da izininka. 0.15 ɗin na sandunan tura bawul na alminiyam ne, na asali. Masu haɗa irin waɗannan motoci wani lokaci suna sa na ƙarfe, su kuma kusan ba a ba su tazara. Alhaji ka sa maganaɗisu a jikin sandar, in ya kama, ka tambayi wanda ya haɗa injin kafin ka saita.

Baban Gareji

Haka ne 'yata, na gode. Mu a nan na asali muka saba gani.

Mai Speedster (bayan mako biyu)

Na yi shiru ne ina jiran kaya. Ƙwan caji na asali ya koma, yanzu tana tashi fitilar na mutuwa, mita 14.1 a sulo. Rile ya shiga, na yi tafiyar awa ɗaya na kashe na kunna sau biyar, ba ƙas. Maganaɗisu bai kama ba, na saita 0.15. Da na buɗe bayan dashbod, Hajiya, wayoyi uku na tarar robarsu na marmashewa, na canza su, sauran da laushinsu. Na rubuta taswirar duk abin da na bi a littafi.

Bututun numfashi kuwa Baba, an sa wani murfin ado mai ƙyalli a wuyan mai, tiyon ya lanƙwashe a bayansa ya toshe gaba ɗaya. Na sa sabo ya tafi filtar iska a miƙe, feshin fule ya tsaya. Na tura fule na jawo, ban ji ƙwas ba, sai na ari agogon awo daga wani maƙwabci, ya nuna motsin gaba da baya milimita 0.11. Gefen hagu ya bushe. Amma na tsakiyan bai tafi duka ba, kowace safiya akwai ɗigo kamar girman kwabo.

Baban Gareji

Alhamdu lillahi. 0.11 yana cikin ƙa'ida, daga 0.07 zuwa 0.13 ake so, in ya wuce 0.15 ne ake fara maganar buɗe inji biyu, don a nan ko ka sa sabon sil ba zai daɗe ba. Naka lafiya lau. Ɗigon da ya rage ko sil ɗin filawil ne da toshewar numfashi ta raunata, ko sil ɗin kula, don injin 1971 zuwa sama kularsa a bayan gidan fanka take, man nata kuma ta nan gaban yake gangarowa. Duka biyun sun fi daɗin yi inji na ƙasa. Wannan ɗigon ba zai hana ka hawa ba, duba dipstik kafin kowace fita, in kuloci ya fara santsi ka ajiye ta. In sanyi ya shigo ka daina fita da ita, sai a sauke. Noti huɗu ne masu lamba 17 ke riƙe da injin. Babban notin filawil lamba 36 ne, ɗaurinsa kusan 350 Nm, wannan kam ka nemi mai ma'aunin ɗauri. A canza sil, da zoben roba na cikin filawil da ake yawan mantawa, da na kula, a duba murfin kamshaf da ke bayan filawil, shim uku kuma, wato siraran washa na bayan filawil, a mayar da su yadda aka same su a sake aunawa.

Ɗan Kombi

Oga in ka sauke ka ɗauko mana hoton bayan filawil ɗin kafin ka goge. Ina so in ga ta inda yake fitowa.

Mai Speedster

In sha Allah zan ɗauka, har da na kular. Na riga na yi odar sil ɗin da zoben, maƙwabcin nan ya ce yana da jak da ma'aunin ɗauri, mun sa farkon Nuwamba. Baba, Malam Rewaya, Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Tambaya ɗaya kafin lokacin, Baba: sabon sil ɗin a bushe ake buga shi, ko a shafa wa leɓensa mai?

Baban Gareji

Amin ɗana. Shafa wa leɓen baƙin mai da yatsa, da wuyan filawil inda zai zauna, zoben robar ma haka. Ka buga shi a hankali, zagaye-zagaye, har ya zauna daidai ko'ina. In ka ga wuyan filawil ya yi rami inda tsohon ya ci, turo hoto kafin ka mayar.